Yadda Ake Tara Kwandalolin Gwaji Ba Tare Da An Sha Jabu Ba

Kafin gidan buga kuɗi ya saki sabuwar kwandala ta shiga kasuwa, yakan buga 'yan ƙwayoyi ya duba: zanen ya fito? Ƙarfen zai jure hannu da gumi? Ɗan jabu zai iya kwaikwayonta a bayan ɗaki? Yawancin waɗannan ƙwayoyi narkar da su ake yi bayan an gama. Waɗanda suka tsira su ne kwandalolin gwaji, kuma ƙarancinsu ne ya sa suke tsada, ya kuma sa masu maguɗi suka yi musu caa. Kowace kwandalar gwaji ta gaskiya an buga ta ne don amsa wata tambaya. Idan mai sayarwa ya nuna maka baƙuwar kwandala, kai kuma ka kasa gano tambayar da gidan buga kuɗin yake nema wa amsa da ita, riƙe kuɗinka tukuna.

Mataki na farko: rarrabe iri

Sunan "gwaji" ya haɗa abubuwa daban-daban, kuma farashinsu ba ɗaya ba ne.

Akwai samfurin zane, wato cikakkiyar kwandala mai sabon zane ko sabon ƙima da aka gabatar wa hukuma. Wani a amince da shi, wani a yi watsi. Akwai gwajin ƙarfe, inda aka ɗauki hatimin da aka saba aka buga shi a kan wani ƙarfe dabam. Akwai gwajin hatimi: mai sassaƙa yana tsakiyar aiki sai ya danna hatimin ƙarfensa a kan dalma ko kuza mai laushi don ya ga inda ya kwana. Irin wannan fuska ɗaya gare shi, bayansa a shafe, wani lokaci har da takarda manne a bayan. Sai na Faransa masu ɗauke da kalmar ESSAI, da kuma masu ninkin kauri da ake kira fiyefo, waɗanda kaurinsu ya ninka na kwandalar yau da kullum. Italiya tana rubuta PROVA, Jamus PROBE, Folan PRÓBA, Ingila kuma TRIAL.

Abu biyu suna shigowa cikin wannan sahu alhali ba 'yan gida ba ne. Na farko bugun baya: hatimi na gaskiya, amma an buga da shi shekaru bayan lokacinsa domin a sayar wa masu tarawa. Na biyu bugun ƙaga, wanda wani kamfani ya ƙirƙira da sunan wata ƙasa ba tare da ƙasar ta nema ba. Ba laifi ba ne a mallake su, laifin shi ne a biya musu kuɗin na asali.

Misali mafi kusa da mu na bugun baya shi ne dalar azurfa ta Mariya Tariza, liyarin da ya yi yawo a kasuwannin Kano da Borno. Kusan duk wadda ka ɗauka 1780 ke jikinta, alhali an ci gaba da buga ta da wannan shekarar a Biyana, Landan, Paris, Roma, Bombay da wasu wurare har cikin ƙarni na 20. Shekarar da ke kan kwandala ba takardar haihuwarta ba ce.

Mataki na biyu: san maguɗin da ake yaƙa

Nan ne ya kamata sabon shiga ya daɗe, don daga nan ake koyon karanta kwandala.

Tsohuwar cuta ita ce aski. Lokacin da ake buga kuɗi da guduma, gefen ba ya daidaita, sai mutum ya sa almakashi ya aske ɗan azurfa daga kowace kwandala, ya kashe ta a cikakken ƙimarta, ya tara askin ya narkar. A 1247, zamanin Sarki Henry na Uku, Ingila ta tsawaita gicciyen da ke bayan kwabonta na azurfa har ya taɓa baki ta ɓangarori huɗu, domin a ga inda aka yanka. Ya rage, bai hana ba. Maganin gaske shi ne inji. Bafaranshe Eloy Mestrelle ya kawo injin matsa kuɗi Hasumiyar Landan, inda gidan buga kuɗin Ingila yake a lokacin, a 1561, maƙeran guduma suka ƙi shi, aka sallame shi, kuma a 1578 aka rataye shi bisa laifin buga jabu. Sai a 1662 wani Bafaranshen, Pierre Blondeau, ya kafa aikin inji sosai, aka fara rubuta DECVS ET TVTAMEN a gefen manyan kwandaloli, ma'ana ado ne kuma kariya. Wanda ya aski gefe ya aski rubutu, kowa ya gani.

Shahararriyar kwandalar gwaji ta Ingila daga wannan rigima ta fito. Thomas Simon ya rasa aikin sassaƙa hatimi ga iyalin Roettier, sai a 1663 ya buga tasa kwandalar, ya rubuta kokensa ga Sarki Charles na Biyu a layi biyu na ƙananan haruffa a kewayen gefenta, yana roƙon sarki ya gwada aikinsa da na abokin takararsa. Bai samu aikin ba. Ƙwayoyin azurfa da suka rage ba su kai ashirin ba, don haka wadda za ka gani a kasuwar intanet kwafi ce.

Tsofaffin kuɗin guduma sun ci gaba da yawo a aske har aka janye su a babban sabon bugu na 1696, shekarar da Isaac Newton ya zama mai kula da gidan buga kuɗin. Shi ya bi diddigin ɗan jabu William Chaloner har aka rataye shi a 1699.

Yadda aka yi rubutun gefe yana barin sawu, kuma sawun ne shaidarka. Hanya ta farko ita ce injin da ake danganta wa Jean Castaing na Faransa: sanduna biyu na ƙarfe masu haruffa, ɗaya a kafe, ɗaya tana tafiya, faifan ƙarfen da zai zama kwandala yana birgima a tsakaninsu tun kafin a buga fuskokin. Kwandalar da ta bi ta nan za ka ga wuri biyu masu fuskantar juna inda rubutun ya ɗan hau kansa ko ya bar giɓi, kuma farkon rubutun ba ya tsayawa a wuri ɗaya daga ƙwaya zuwa ƙwaya. Hanya ta biyu ita ce zobe: faifan yana zaune cikin zoben ƙarfe lokacin bugu, ƙarfin bugun ya tura shi ya cika zoben, haƙoran gefe su fito daidai wa daida. Idan haruffa masu tudu ake so, dole zoben ya zama gunduwa-gunduwa don ya buɗe ya saki kwandalar. Jean-Pierre Droz ya yi mai gunduwa shida, kuma dala ashirin ta zinariya ta Amurka da aka fara a 1907 an yi ta da mai gunduwa uku. Irin wannan yana barin siraran layuka masu tudu a tsaye, a mahaɗar gunduwoyin. Layin da ya bi kewayen gefe a kwance kuwa wani labari ne, za mu zo kansa.

Matthew Boulton na Soho a Birmingham ya bi ta wata hanya. A 1797 ya buga kwabo da injin tururi, nauyinsa oza ɗaya cif, giram 28.35, da kwabo biyu mai giram 56.7, masu faffaɗan baki mai tudu da haruffa a nutse cikinsa. Dabarar ita ce jan ƙarfen da ke ciki ya kusa kai ƙimar kuɗin, ɗan jabu ya rasa riba, ga shi ba shi da injin da zai fitar da irin wannan aiki.

A zinariya kuwa ma'auni ne mai gadi. 'Yan kasuwar Ingila suna da ɗan sikelin tagulla mai rami da tsaga: fam na zinariya, giram 7.98, dole ya rinjayi sikelin kuma ya wuce ta tsagar. Jabu mai nauyi daidai sai ya yi kauri ya maƙale, mai kauri daidai sai ya kasa nauyi. Filatinam ne ya karya wannan, domin a ƙarni na 19 ya fi zinariya araha kuma ya fi ta nauyi. Ana tsaga kwandala biyu, a rarake ciki, a cika da filatinam, a mayar da gefe. Amsar da gidan buga kuɗi na Filadelfiya ya gwada a 1860 ita ce dala biyar mai faɗi da sirantaka, wadda ba ta da cikin da za a rarake. Ba a amince da ita ba, ta tsaya a gwaji. Haka dalar goloid ta 1878, haɗin zinariya kashi 1 da azurfa kashi 24 da ɗan jan ƙarfe: an ƙi ta saboda ido ba ya bambanta ta da azurfa zalla, wato ƙofa ce a buɗe ga masu algus.

Mu ma abin ya taɓa mu. Daga 1920 sulallan Afirka ta Yamma ta Ingila sun koma tagulla, maƙeran zubi kuma suka iya kwaikwayonsu. A 1938 aka canza haɗin ƙarfen, aka kuma yi wa sule da fataka gefen tsaro: haƙora sama da ƙasa, kwari a tsakiya mai 'yan ɗigo-ɗigo a ciki. Tsakiyar gefe nan ne mahaɗar mazubi take faɗawa, inda ɗan jabu ya saba sa magagari ya goge. Da kwari da ɗigo a wurin, gogewa ta zama tonon asiri.

Mataki na uku: zaɓi fage ɗaya

Wanda ya ce zai tara komai, ba zai san komai ba. Ga mai farawa daga Kano, Maraɗi, Garwa ko Kumasi, fagen da ya fi dacewa shi ne ESSAI na ƙasashen Afirka da gidan buga kuɗi na Paris ya yi. An buga su ne a hukumance, yawanci daga ɗaruruwa zuwa wajen dubu biyu, an rubuta su a kundi, kuma ana samun wasu a 'yan gomiyoyin yuro. Akwai na Afirka ta Yamma ta Faransa na 1948 masu kan barewa, akwai na sefa, akwai faran 100 na Chadi da na Kamaru na farkon shekarun 1970.

Fage na biyu shi ne gwaje-gwajen zamani na Ingila: fam biyu mai ƙarfe biyu na 1994 mai hoton jirgin ruwa, da fam ɗaya mai kusurwa 12 da aka raba wa masu injunan karɓar kuɗi kafin a fitar da shi a ranar 28 ga Maris, 2017, bayan an ƙiyasta cewa kusan ɗaya cikin talatin na tsohon fam jabu ne. Gwajin mai kusurwa 12 ɗin an yi masa kwafi da yawa. Na uku, ƙwayoyin Afirka ta Yamma ta Ingila masu kalmar TRIAL, irin sulen 1952, waɗanda ba su cika fitowa ba. Samfuran Amurka kamar Stella ta dala huɗu ta 1879 da 1880 fagen masu hannu da shuni ne. Sulen zinariya, wato fam, na Edward na Takwas na 1937 an sayar da guda fam miliyan ɗaya a Janairun 2020. Irin waɗannan a karanta su don ilimi.

Kowane fage da kundinsa, kuma da sunan kundin ake kiran lambar kowace ƙwaya. Na Amurka lambar Judd, na jan ƙarfen Ingila lambar Peck, na sauran duniya lambar KM, inda Pn ke nufin samfuri, E ke nufin ESSAI, TS kuma gwajin bugu. Kada ka sayi abin da ba ka samo lambarsa, ƙarfensa, nauyinsa da faɗinsa a rubuce ba.

Mataki na huɗu: kayan aiki

Sikelin masu zinariya mai auna giram 0.01, da dutsen gwaji na giram 20 ko 50 don daidaita shi. Ma'aunin faɗi na dijital, mai bakin roba ya fi, don na ƙarfe yana ƙarzar gefe. Madubin ƙara girma ninki 10. Ƙaramin maganaɗisu mai ƙarfi. Fitila ɗaya da za a iya karkatarwa. Tataccen ruwa irin na batir, kofin roba mara nauyi, da siririn zare. Tawul mai laushi a shimfiɗe a teburi, domin kwandala takan kuɓuce.

Abu ɗaya ya fi waɗannan duka amfani: kwandalar yau da kullum ta ƙasar da zamanin da kake tarawa, wadda ka tabbata ta gaskiya ce. Da ita za ka gwada haruffa da gefe. Mai zama kusa da Abuja ya leƙa gidan adana kuɗi na Babban Bankin Najeriya ya saba wa idonsa da tsofaffin sulalla.

Mataki na biyar: bincike, bi da bi

Riƙe ta a gefe da yatsa biyu. Kada yatsa ya taɓa fuska.

Fara da nauyi. Auna sau uku ka rubuta. A kwandalar inji da ba ta yi yawo ba, bambancin da ya wuce kashi ɗaya ko biyu cikin ɗari daga abin da kundi ya ce abin tambaya ne. Sannan faɗi, ta wuri biyu masu gicciye juna, da kauri a bakin. Kwafin zubi yakan fito ɗan ƙarami fiye da uwarsa, domin ƙarfe yana tsukewa idan ya huce.

Sai gefe, kuma nan za ka ɓata mafi yawan lokaci. Juya ta a hankali ƙarƙashin fitila, zagaye cikakke. Layi a kwance da ya bi tsakiyar gefe alama ce ta ɗayan biyu: ko mahaɗar mazubi, ko kwafin lantarki, inda aka yi ɓawo biyu na jan ƙarfe, gaba da baya, aka cika da dalma aka haɗe. Gidan tarihi na Birtaniya kansa ya sayar da irin waɗannan kwafe a ƙarni na 19, kuma na Robert Ready, mai yi wa gidan kwafe, sukan ɗauki RR a gefe. Idan gefen ya yi sumul fiye da kima, ko ka ga sawun magagari, an goge wani abu. Haƙoran da aka yanka da hannu ba sa zama tazara ɗaya, kuma zurfinsu yana bambanta.

Daga nan juyi. Riƙe ta fuska a miƙe, ka juya ta hagu zuwa dama kamar shafin littafi. Idan bayan ya fito a miƙe, jeren lambar yabo ne, idan ya fito a kife, jeren kuɗi ne. Kuɗin Faransa kafin yuro da na Amurka a kife suke fitowa. Gwada da abin da kundi ya faɗa game da wannan ƙwayar musamman, don gwaje-gwaje sukan saɓa wa al'ada.

Sai fuska. Karkata fitilar ta zo daga gefe. Kwandalar da aka buga tana da haruffa masu kaifin kusurwa da fili mai tsabta, kuma idan ka juya ta haske yana zagayawa a kanta, saboda ƙarfen ya gudana daga tsakiya zuwa baki lokacin bugu. Ta zubi haruffanta kamar an lasa, filinta da ƙananan ramuka da ƙuraje. Jabun zamani mai kyau ana yin sa ne da hatimin da aka kwafo daga kwandalar gaskiya, don haka duk tabon da ke jikin uwar yana fitowa a kan 'ya'yan. Idan ka ga ƙwayoyi biyu a hotunan gwanjo da lotsawa iri ɗaya a wuri ɗaya, aƙalla ɗaya jabu ce.

Duba kalmar gwajin kanta. A ESSAI na Paris na ƙarni na 20 kalmar a cikin hatimi take, don haka da tudu take fitowa kamar sauran rubutu. Wanda ya ɗauki kwandalar kasuwa ya danna mata haruffa, nasa a nutse za su fito, da ɗan kumburi a kewayensu, da kuma wuri a baje daidai bayansu a ɗaya fuskar. Paris tana da wata shaidar: ƙananan alamomi biyu, ƙahon albarka na gidan, da alamar babban mai sassaƙa na lokacin. Fiffike na Lucien Bazor ne, 1931 zuwa 1958. Mujiya ta Raymond Joly ce, 1958 zuwa 1974. Kifin dolfin na Émile Rousseau ne, 1974 zuwa 1994. Kwandala mai shekarar 1965 da dolfin a jikinta ta tona wa kanta asiri.

Maganaɗisu yana da amfani amma kaɗan. Yana kama baƙin ƙarfe da nikel zalla. Ba ya kama zinariya, azurfa, jan ƙarfe, tagulla, ko haɗin jan ƙarfe da nikel na 75 da 25. Kada ka bar shi ya fizgi kwandala, sa takarda a tsakani.

Gwajin ruwa shi ne ke faɗa maka ƙarfen. Auna kwandalar a bushe. Ɗora kofin ruwa a sikeli ka mayar da shi sifiri. Ɗaure kwandalar da zare, ka saukar da ita har ruwa ya rufe ta, ba ta taɓa ƙasa ko bango ba. Lambar da sikeli ya nuna ita ce girman jikinta. Raba nauyin busasshe da wannan lambar. Liyari mai giram 28.07 zai nuna wajen 2.75, sakamako 10.2, daidai da azurfa mai tsarki 833 cikin 1000. Alminiyam 2.7 ne, kuza 7.3, tagulla 8.4 zuwa 8.8, jan ƙarfe da nikel wajen 8.9, azurfa zalla 10.5, dalma 11.3, zinariya zalla 19.3, filatinam 21.4. Kurakuran da ake yi: kumfar iska ta maƙale a haruffa sai ta rage sakamako, don haka a jiƙa kwandalar tukuna. Fanka tana kaɗa sikeli. A ƙaramar kwandala mai girman 0.30, kuskuren 0.01 kaɗai ya kai kashi uku cikin ɗari, wanda ya isa ya rikita tagulla da jan ƙarfe. Ƙarfen tangistin kuma 19.25 ne, ruwa ba ya raba shi da zinariya. Kada a tsoma gwajin dalma, ko mai takarda a baya, ko mai ƙyallin madubi. Bayan gwaji a ɗauraye da asiton zalla a bar ta ta bushe da kanta.

Ƙwaya mai tsada a kai ta wurin masu na'urar XRF, mai gano irin ƙarfe da haske, amma a sani saman fata kawai take karantawa. Jan ƙarfe mai kaurin rufin azurfa zai iya ce mata shi azurfa ne. Haɗa ta da gwajin ruwa. Dutsen goga da asid na maƙeran zinariya kuwa ba su da wuri a nan, goga ɗaya ta zubar da rabin daraja.

Tarkunan da aka fi faɗawa

Kwandalar kasuwa da aka yi wa rufin zinariya ko azurfa aka ce gwajin ƙarfe ce: nauyinta zai yi daidai da na 'yar'uwarta ta kasuwa, alhali canjin ƙarfe yakan canza nauyi. Wadda aka goge wa baya aka ce gwajin fuska ɗaya ce: ta rasa nauyi, kuma madubi zai nuna layukan guga. Wadda aka jiƙa a asid ta sirance: zanen duka ya dushe, faɗi ya ragu.

Wani tarkon jahilcin tarihi ne kawai. Aninin alminiyam na 1907 da 1908 ba gwaji ba ne, kuɗin kashewa ne, yana cikin na farko a duniya da aka yi da wannan ƙarfe, kafin a koma haɗin nikel a 1908. Sulen 1920 akwai na azurfa akwai na tagulla, duka na kasuwa. Kwabo mai huda na 1936 mai sunan Edward na Takwas an buga shi da yawa, duk da sarkin bai cika shekara ba. Haruffan H da KN a jikin sulalla alamun masana'antun Heaton da King's Norton ne a Birmingham, ba alamar gwaji ba.

Na Soho suna da nasu ciwon. Bayan an rufe gidan aka yi gwanjon kayansa a 1850, wani mai sassaƙa hatimi, W. J. Taylor, ya samu tsofaffin hatimai ya ci gaba da bugawa, har yana haɗa gaban wannan da bayan wancan. Hatimin da ya yi tsatsa yana barin ƙananan ƙuraje masu tudu a fili, wanda aka goge don cire tsatsar kuma yana rasa siraran sassan zane. Lambobin Peck sun raba bugun farko, bugun ƙarshen Soho da bugun Taylor. Tambayi mai sayarwa wanne ne.

Akwai kuma wanda mallakarsa ma rigima ce. Amurka ta buga sentin alminiyam na 1974 sama da miliyan ɗaya da rabi, ta fasa, ta ce duka nata ne. Wata ƙwaya ta gidan buga kuɗi na Denba da ta ɓulla an mayar wa gwamnati a 2016.

Mataki na shida: saye

Nemi tarihin hannun da ƙwayar ta bi: wane gwanjo, wace shekara, lamba ta nawa, sannan ka gwada hoton wancan lokaci da na yanzu, tabo da tabo. "Na kakana ne" ba tarihi ba ne. Gidajen gwanjo irin su Spink, Noonans, Heritage, Stack's Bowers da CGB suna barin sakamakon cinikinsu a intanet, kuma farashin da aka saya shi ne ma'auni, ba wanda ake nema ba. Lissafa la'adar gidan, wadda takan kai kashi 20 zuwa 25 a kan kuɗin da aka buga guduma, da kuɗin aikawa da inshora da canji, kafin ka ɗaga hannu.

Ƙwayar da kamfanonin tantance kwandala, PCGS ko NGC, suka rufe a akwatin roba ta fi kwanciyar hankali, amma akwatin ma ana yin jabunsa. Shigar da lambar takardar a shafinsu, ka gwada hoton. Daga mutum kuwa, sai da hoton gefe, da hoton kwandalar a kan sikeli, da sharaɗin mayarwa a rubuce. Wanda ya ƙi nuna gefe ya gama ba ka amsa.

Mataki na bakwai: ajiya

Kada ka wanke. Toka, lemon tsami, man goge tagulla, duk suna cinye fatar asali, kuma ba ta dawowa.

Leda mai laushi ta PVC tana fitar da wani kore mai danƙo da ke cin ƙarfe, zafinmu kuma yana gaggauta shi. Yi amfani da kwanson roba mai tauri daidai faɗin kwandalar. Wadda ta riga ta kamu, a jiƙa ta a asiton zalla cikin kwalba, a wuri mai iska nesa da wuta, a canza sau biyu, ba gogewa. Ruwan cire jan farce ba zai yi ba, akwai mai da turare a ciki. Robar ɗaure kuɗi, ulu da takardar jarida suna baƙanta azurfa. Hayaƙin turaren wuta ma a nisanta shi.

Dalma ta fi kowa rauni. Tururin da katako, filawud da gam ke fitarwa yana mayar da ita farin gari, don haka akwatin ƙarfe za a sa ta, ba na katako ba. Jan ƙarfe da tagulla da suka fara fitar da koren gari mai laushi a ware su nan take daga sauran. A damina sa ƙunshin silika a akwati mai rufewa gam, da ɗan ma'aunin laima, a riƙe ƙasa da kashi 40, a busar da silikar idan ta canza launi. A hunturu ƙura ce abokiyar gaba: kada a share ta da tsumma, musamman a kan alminiyam, a hure ta da ɗan famfon roba na masu kamara.

Kowace ƙwaya a buɗe mata shafi: lambar kundi, ƙarfe, nauyi, faɗi, irin gefe, juyi, sakamakon gwajin ruwa, wurin saye da rana da farashi, da hotuna uku, gaba da baya da gefe. Tsofaffin tikitocin gwanjo da ambulan ɗin da ta zo ciki a adana su a wata jaka dabam mai lamba ɗaya da ta kwandalar, kada takardar ta taɓa ƙarfen.